Tawadar da Ke Ƙarƙashin Fata: Lacca a Kan Hanyoyin Cire Jarfa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam a kan kyakkyawar sura, Ya suturta namansa da jijiyoyinsa da fata. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Mas'alar da aka nemi in yi bayani a kanta yau, watau jarfa, zanen nan da ake yi wa jiki da allura da tawada, wanda samarin zamani suke kira tatu, da hanyoyin da ake bi a kawar da shi idan mai shi ya daina sonsa, wani zai ga kamar ba ta kai a tara dattawa dominta ba. Amma duk wanda ya taɓa ganin dantsen saurayin da ya tsiyaya wa kansa ruwan batir don ya shafe wani suna da ya rubuta a zamanin ƙuruciya, ya ga yadda naman ya zagwanye, ya ga irin tabon da ya biyo baya, wanda ya fi sunan girma ya kuma fi shi muni, ya san cewa jahiltar wannan al'amari yana jawo hasara wadda ba a mayar da ita. Abin da nake so in tabbatar a zukatanku shi ne, tawadar jarfa tana kwance ne a ƙarƙashin fata, inda hannu ba ya kai gare ta sai ya ɓata abin da ke samanta, saboda haka mai gaggawa ba ya samun kome sai musayar zane da tabo, alhali kuwa ilmin likita bai yarda da gaggawar ba, shari'a ma ba ta ɗora masa ita ba.

Ya kamata tukuna mu rarrabe abubuwa uku waɗanda mutane sukan gama su wuri guda, ko da yake hukuncinsu a wurin likita ya sha bamban. Lalle, da dayis da ake haɗa shi da shi, rini ne da ke kama saman fata kurum, bayan mako biyu ko uku ya koɗe da kansa. Tsaga kuwa, irin su bille da kalangu da fashin goshi da sauran askar gado, yanka ne da ya warke ya bar tabo. Jarfa ita ce wadda ake cusa launi a cikin fata. Wadda iyayenmu suka sani ita ce ta wanzami: ya buɗe zabira, ya fitar da 'yar askarsa, ya bi siffar da ake so a kumatu ko a wuya ko a hannu da ƙananan tsage jere da juna, jini yana tsattsafowa, sa'an nan ya ɗebo baƙin tukunya ko niƙaƙƙen gawayi ya murza a kai har ya shige, in wurin ya warke sai zanen ya fito baƙi mai ratsin shuɗi. Ta zamani kuwa da inji ake yinta, irin wanda wani mutum mai suna Samuel O'Reilly ya yi wa rajista a birnin New York a 1891, allurarsa tana soka fata sau da yawa a cikin sakan guda, tana zuba tawada mai kauri, launi-launi.

To, me ya sa lalle yake gushewa, jarfa ba ta gushewa? Fatar ɗan Adam hawa-hawa ce. Hawan sama kullum cikin sabuntawa yake, na ƙasa yana turo na bisa, na bisa yana bushewa yana zuba, har a cikin kamar mako huɗu ya zama an canza shi ɗungum, duk abin da ya rina shi kuma ya tafi tare da shi. Hawa na biyu, wanda jijiyoyin jini da saiwar gashi da mafitar gumi suke cikinsa, ba ya zuba, kuma nan ne allura take ajiye tawada, a zurfin milimita ɗaya zuwa biyu. Daga nan sai wata hikima ta Ubangiji ta bayyana. A cikin jiki akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu tsaro, waɗanda likitoci ke kira makrofaj, aikinsu shi ne haɗiye duk wani baƙon abu da ya kutso, su narkar da shi. Suna ganin tawada sai su yi ca a kanta su haɗiye, amma ba su iya narkar da ita, ba su kuma iya ɗaukarta su tafi saboda girman ƙwayoyinta, sai su zauna a wurin riƙe da ita. A 2018 waɗansu masana a birnin Marsai na Faransa suka yi wa ɓeraye jarfa a wutsiya, sa'an nan suka kashe waɗannan ƙwayoyin tsaro da gangan don su ga ko zanen zai watse, sai suka tarar bai ko motsa ba, domin da zarar tsofaffin sun mutu sun saki tawadar, sababbi suke zuwa su sake haɗiye ta a nan inda take. Ashe jikin mutum da kansa ne yake tsare jarfar, yana miƙa ta daga ƙwaya zuwa ƙwaya har ƙarshen rayuwa. Har ma bayan rayuwa takan wanzu, gama a 1991 an tsinci gawar wani mutum a cikin ƙanƙarar duwatsun da ke tsakanin Italiya da Ostiriya, wanda aka ƙiyasta ya mutu shekara wajen 5,300 da suka wuce, aka ƙirga zane 61 a jikinsa.

Nadama a kan jarfa kuwa ba baƙon abu ba ne ko a ƙasashen da ake ɗaukarta ado. A wani bincike da cibiyar Pew ta yi a Amurka a 2023, kashi 32 cikin ɗari na baligai suna da jarfa, a cikinsu kuma kashi 24 cikin ɗari sun ce suna da-na-sanin aƙalla guda ɗaya. A wajenmu dalilan sanannu ne. Ga wanda ya je neman shiga soja ya tarar sanarwar ɗaukar kurata ta hana mai zane a jiki. Ga wadda ta rubuta sunan wani, aure kuma ya zo da wani dabam. Ga wanda ya fita daga wata ƙungiyar banza amma alamarta tana kafaɗarsa. Ga kuma wanda Allah Ya shirye shi, yana jin nauyin naɗe hannun riga a wurin alwala. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da ranar da ke matsa masa, ko ta tantancewa ko ta ɗaurin aure, kuma wannan matsin shi ne mafarin ɓarna.

Tun zamanin da can likitoci suke fama da wannan mas'ala. Yunanawa da Rumawa sukan yi wa bayi da masu laifi jarfa a goshi don a gane su, har sai da Sarki Kustantin ya hana yinta a fuska wajen shekarar 316, saboda haka bawan da ya sami 'yanci babu abin da yake nema kamar wanda zai shafe masa shaidar bauta. Wani likitan Rum mai suna Scribonius Largus, a zamanin Sarki Kalaudiyas, ya rubuta haɗin maganin da ake shafawa don haka. A ƙarni na shida wani likita, Aetius, mutumin Amida, garin da ake kira Diyarbakir a Turkiyya ta yau, ya bayyana tasa hanyar: a wanke wurin da wani gishiri dangin kanwa, a shafa ƙaro a ɗaure kwanaki, sa'an nan a tsattsaga shi da tsinin allura, a share jinin, a barbaɗa gishiri, a sa magani a sake ɗaurewa. A 1888 wani likitan Faransa, Variot, ya zo da dabarar soka wani sinadarin jima a cikin zanen, a bi shi da wani mai ƙuna, wurin ya yi ɓawo baƙi, in ɓawon ya faɗi ya tafi da wani abu na tawadar. Idan mutum ya dubi waɗannan hanyoyi da idon basira zai ga asalinsu guda ne, ko da yake ƙarnoni sun raba su: a halaka fatar da ke sama, a mai da wurin miki, a yi fatan tawada ta fita tare da ruwan mikin. Ba su da wata dabara da ta wuce wannan, ba a kuwa zarginsu, domin iyakar abin da ilmin zamaninsu ya kai ke nan.

Abin baƙin ciki shi ne, abin da waɗancan suka yi bisa larura da ƙwarewa, shi 'ya'yanmu suke yi yau a ɗaki, ba ƙwarewa, ba tsabta. Wani ya jiƙa gishiri ya dirje wurin har ya yi ja wur yana tsattsafar da jini; wani ya bi shi da samfefa; wani ya ɗora dutsen guga mai zafi; wani ya ɗiga ruwan batir ko sodar yin sabulu; wani kuma ya fasa ɗanyen ƙwallon yazawa ya shafa man nan nasa mai cin fata, wanda yara da yawa dama da shi suka rubuta sunan tun farko. Kwana biyu wurin ya yi bororo, ya fashe, ya kama ruwa, mugunya ta taru, wani lokaci ƙwayoyin cuta su shiga jini a kwashi mutum sai asibiti. Ruwan batir kuwa ba ya sanin inda tawada ta ƙare, yana ci ne har inda ƙarfinsa ya tsaya, ko da ya kai ga jijiya. In an yi sa'a miki ya warke bayan makonni, sai a sami tabo mai sheƙi, fari a tsakiya baƙi a gefe, sau da yawa kuma ga ragowar zanen nan tana leƙowa ta ƙarƙashinsa, domin wutar ta ci sama ba ta kai ƙasa daidai ba. Garin neman gira an rasa ido.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman, mu baƙar fata, wanda ya wajaba in tsaya a kansa. Akwai wani irin tabo da likitoci ke kira kiloyid, wanda ba ya tsayawa a iyakar rauni, sai ya yi ta tsiro yana tudu yana faɗi, da ƙaiƙayi da zogi, kun sha ganinsa a kunnen matan da aka yi wa huji, ko a ƙeyar maza da haɓarsu bayan aski. Wannan tabo ya fi samun mutanen Afirka fiye da Turawa nesa ba kusa ba, yana bin dangi, ya kuma fi son ƙirji da kafaɗa da gadon baya na sama da kunne, watau wuraren da samari suka fi yin zane. Maganinsa yana da wuya ƙwarai, in an yanke shi kurum yakan dawo, wani lokaci ya fi na da. Duk wanda ya san akwai irin wannan a jikinsa ko a gidansu, to kada ya bari kome ya taɓa fatarsa sai likitan fata ya gani.

Man shafawa da ake tallarsa a intanet, ana cewa yana goge jarfa cikin 'yan makonni, ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta bayyana cewa ba ta amince da ko ɗaya ba. Wanda ba shi da ƙarfi ba ya wuce hawan sama, wanda yake da ƙarfin wucewa kuwa asid ne, aikinsa aikin ruwan batir.

A asibiti akwai hanyoyi na fiɗa waɗanda har yanzu suna da muhallinsu. Idan zanen ƙarami ne, likita yakan yi allurar kashe zafi, ya yanke fatar da ke ɗauke da shi, ya jawo bakin biyu ya ɗinke, a zama guda an gama, abin da zai rage shi ne tabo siriri miƙaƙƙe. Idan babba ne sai a yi shi kashi-kashi, ko a ɗebo fata daga cinya a dasa, wannan kuwa yana barin tabo biyu. Akwai kankare fata da inji mai juyawa, akwai kuma daskarar da ita da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri, amma waɗannan biyu an rage yinsu saboda suna ɓata launin fata. A ganina, ga mai ɗan ƙaramin suna a hannu, wanda ba shi da halin zuwa inda na'ura take, jikinsa kuma ba mai tsiron tabo ba ne, yankan ƙwararren likita ya fi masa duk wani abin da zai yi wa kansa.

Canji na haƙiƙa ya zo ne da hasken leza. A 1960 Theodore Maiman ya ƙera na'urar leza ta farko a Amurka, ba a daɗe ba kuma wani likitan fata a birnin Sinsinati, Leon Goldman, ya fara gwada ta a kan jarfa. Na'urorin da aka yi ta amfani da su a shekarun 1970 ƙona wurin suke yi gaba ɗaya, saboda haka ba su tsere wa tabo ba. Sai a 1983 waɗansu masana biyu na jami'ar Harvard, Rox Anderson da John Parrish, suka shimfiɗa ƙa'idar da aka gina aikin yau a kanta, ita ce: idan aka zaɓi haske irin wanda tawada take sha fiye da yadda fata take shansa, aka kuma sake shi cikin lokaci gajere ƙwarai, gajeren da zafi ba zai sami damar yaɗuwa zuwa naman da ke kewaye ba, to hasken zai ratsa fatar sama ya wuce, ya sauka a kan ƙwayar tawada, ta yi zafi farat ɗaya ta tarwatse. Gajartar lokacin ta wuce abin da hankali yake saurin kamawa, gama ana auna ta ne da kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, sababbin na'urori kuma, waɗanda aka fara amincewa da su a Amurka a 2012, da kashi ɗaya cikin tiriliyan.

Ku lura da kyau, leza ba ta fitar da tawada daga jiki. Misalinta kamar mai fasa dutse ne: ga falalen da leburori suka kewaye sun kasa ɗagawa, sai ya zo da gudumarsa ya mai da shi tsakuwa, su kuma su yi ta kwasa a kwano suna kaiwa. Leza ita ke fasawa, ƙwayoyin tsaron nan da muka ambata su ke kwasa, su bi da garin tawadar ta magudanun ruwan jiki zuwa kaluluwa, a hankali a hankali. Wannan shi ya sa ake barin mako shida zuwa takwas tsakanin zama da zama, kuma wanda ya matsa wa likita a yi masa kowane mako bai ƙara kome ba sai rauni, domin masu kwasa ba su gama da na jiya ba.

Ga yadda zaman yake. A share wurin, a shafa man kashe zafi ko a sa ƙanƙara, likita da majiyyaci kowa ya sa tabarau na musamman, domin hasken yana iya makantarwa. Likita ya riƙe kan na'urar yana bin zanen ɗigo-ɗigo, ana jin ƙara tas, tas, tas, kowane bugu da zafinsa mai tsini. Nan take inda hasken ya taɓa sai ya yi fari fat, saboda wani tururi da ke tashi a cikin fata, mai zanen ya yi murna yana tsammani an gama, amma kafin rabin sa'a farin ya washe, zanen ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Ƙaramin zane mintoci kaɗan ne. Bayan haka wurin yakan kumbura ya yi ja, wani lokaci ya yi bororo. Ba a fasa bororon, ba a ɓamɓare ɓawon, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi, a shafa abin da likita ya bayar, a rufe shi daga rana. Sai bayan makonni ake ganin ya fara koɗewa.

Zama nawa ake bukata? Waɗansu likitoci a Italiya sun bi majiyyata 352, suka buga sakamakon a 2012: bayan zama goma, kimanin kashi 47 cikin ɗari ne zanensu ya gushe, bayan zama goma sha biyar kuwa kimanin kashi 75. Ku auna wannan da tazarar makonnin da na faɗa, za ku ga magana ce ta shekara ɗaya zuwa biyu, ko fiye. Binciken ya kuma nuna cewa masu shan taba sun fi marasa sha jinkirin samun biyan bukata. Zanen da ke ƙafa ko yatsa, inda jini bai cika gudu ba, ya fi na ƙirji da wuya taurin kai.  Baƙar tawada ita ce mafi sauƙi, domin baƙi yana shan kowane irin haske. Ja yana da nasa hasken. Kore da shuɗi mai haske da rawaya suna wahalarwa. Fari kuwa da launin fata, irin wanda mata suke yi a gira ko leɓe, yakan rikiɗe ya koma baƙi da zarar haske ya taɓa shi, saboda sinadaran ƙarfe da ke cikinsa. Albishir ga iyayenmu mata masu jarfar wanzami: tasu ta fi ta inji saurin fita, gama baƙin tukunya ne tsantsa, kuma bai kai tawadar inji yawa ba. Sai dai inda aska ta bar tabo, launin ne zai tafi, tabon yana nan, haka kuma tsagar gado, wadda leza irin wannan ba ta da abin da za ta fasa a cikinta. Abin da likita zai iya yi mata shi ne ya rage zurfinta ko ya gyara bakinta, ba ya shafe ta.

Sa'an nan ga wata mas'ala ta baƙar fata kuma. Sinadarin da ya ba fatarmu launinta, melanin, shi ma yana shan haske kamar yadda tawada take sha, saboda haka na'urar da ta dace da Bature tana iya ƙona Bahaushe, ta bar masa farin tabo a siffar zanen da aka cire, ko wurin ya yi baƙi ƙirin fiye da kewayensa. Hasken leza iri-iri ne, ana bambanta su da lamba: akwai mai 532, da mai 694, da mai 755, da mai 1064. Wannan na ƙarshe, na na'urar da ake kira Nd:YAG, shi ne melanin bai cika sha ba, ya fi kuma shiga zurfi, shi ne wanda likitoci suka fi amincewa da shi ga fata irin tamu. Ina roƙon kowane saurayi da ke zauren nan ya riƙe wannan lamba. In ka je wuri, Malam, ka tambayi mai na'urar wace lamba zai sa maka, ka tambaye shi ko ya saba aiki a kan baƙar fata, ka nemi ya gwada a ɗan gefe guda a jira makonni a ga yadda jikinka zai karɓa. Ke kuma 'yar'uwa, in kina shafa man sa fari, ki faɗa masa gaskiya. Wanda ya kasa amsa waɗannan tambayoyi, ko ya yi alkawarin gamawa a zama biyu, a bar masa kayansa, domin yanzu ana sayen ƙananan na'urori masu araha a ajiye a shagon gyaran gashi, a hannun wanda bai taɓa karanta kome game da fata ba.

Yanzu sai mu juya ga abin da na san ya fi damun da yawa daga cikinku, ina kuwa faɗinsa ne a gaban malamaina, su gyara mini inda ya bukaci gyara. Jumhurun malaman Sunna sun tafi a kan cewa yin jarfa haramun ne, gama hadisi ya tabbata a cikin Buhari da Muslim, ta hanyar Abdullahi ɗan Mas'udu da Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, da la'antar mai yi da mai neman a yi mata, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani kuma ya kawo hanin a cikin Risala, wadda ɗalibanmu suke karantawa a zaure. Amma haramcin yi abu ne guda, hukuncin wanda ya riga ya yi ya tuba kuma abu ne dabam, a nan ne mutane suke ruɗewa. Imamu Nawawi, wanda yake Bashafi'e, a sharhinsa na Sahihu Muslim ya tafi a kan cewa wurin ya najastu saboda jinin da ya cakuɗa da launi, don haka in ana iya gusar da shi da magani ya wajaba. Amma in ba ya gushewa sai da rauni, aka kuma ji tsoron halaka, ko rasa gaɓa, ko rasa amfaninta, ko mummunan aibi a gaɓar da ke bayyane, to bai wajaba ba, tuba ta isar masa. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa al'amarin ya fi sauƙi, domin Shehu Nafrawi, mai Fawakihud Dawani, sharhin Risala, ya bayyana cewa ba a kallafa wa mai jarfa ya gusar da ita da wuta ba, tana cikin abin da aka yi rangwame a kansa, sallarsa kuma ingantacciya ce.

Ku dubi rahamar da ke cikin wannan. Malaman nan sun yi magana ne a zamanin da babu wata hanya sai wuta da wuƙa da gishiri, suka auna cutar da maslahar, suka ce jikin mumini amana ne, ba a azabtar da shi don a gyara abin da tuba ta riga ta shafe. Alwala ma ba ta da matsala, gama ruwa saman fata aka umurce mu mu kai shi, tawada kuwa tana ƙarƙashi, ba ta tare kome. Wadda aka yi wa jarfa tana jaririya ko tana yarinya ba ta da laifi ko kaɗan. Saboda haka idan yaro ya zo wurin malami yana kuka, yana cewa an gaya masa sallarsa ba ta karɓuwa sai ya cire zanen, amsar da malamin zai ba shi tana iya zama ita ce tsakaninsa da ruwan batir. Ina roƙon malamanmu da limamanmu su faɗi wannan hukunci a fili, a kan mumbari da wuraren karatu, kamar yadda suke faɗin haramcin, kada yaro ya ji rabin magana ya je ya ƙarasa sauran da dutsen guga.

Wanda kuwa yake da hali, ga hanya marar cuta ta samu, to ya kyautu ya bi ta, ko don ya fita daga saɓanin malamai, ko don ya huta da kallon mutane. Matsalar ita ce halin. Na'urar tana da tsada, masu ita kaɗan ne, mafi yawansu a manyan birane irin su Legas da Abuja, kowane zama kuma da kuɗinsa, ga kuɗin mota, ga masauki, har sau goma ko fiye. Waɗansu al'ummai sun ga wannan sun tashi tsaye. A Indunusiya, hukumar zakka ta birnin Jakarta tana shirya cire jarfa kyauta a watan Ramadan tun 2019, waɗansu ƙungiyoyin sa-kai a can kuma abin da suka nema a wurin mai zuwa a maimakon kuɗi shi ne ya haddace Suratur Rahman. A birnin Los Anjalis na Amurka wani limamin Kirista, Gregory Boyle, ya kafa ƙungiyar Homeboy Industries don tsofaffin 'yan daba, cire zane kyauta kuma yana cikin manyan ayyukanta, domin sun lura cewa mai alamar daba a fuska ko a wuya ba ya samun mai ɗaukarsa aiki, in bai sami aiki ba kuwa komawa zai yi inda ya fito.

Mu ma muna da asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, muna da likitocin fata, muna da hukumomin zakka da waƙafi, muna kuma da attajirai masu neman inda za su ajiye sadaka mai gudana. Na'ura guda mai lamba 1064, a hannun likitan da aka horar, da rana guda a mako da aka keɓe wa marasa hali, za ta ɗauke wa samari da 'yan mata masu yawa abin da ke hana su aiki da aure da sakewa a cikin sahu, na'urar kuma tana da amfani ga waɗansu tabban haihuwa masu duhu, ba jarfa kaɗai ba. Game da yara ƙanana kuwa, Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003, a sashe na 24, ta riga ta hana yi wa yaro jarfa ko tsaga, ya rage ga iyaye da sarakunan aska su san da ita, su kuma san cewa aska guda da ta bi yara da yawa tana iya ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga wannan zuwa wancan.